Karen Garke a Cikin Jirgin Ruwa

Sau ɗaya tak na taɓa shiga jirgin ruwa a rayuwata, shi ma ba don kaina ba, don kare. In na faɗi haka a majalisar da muke zama bayan la'asar a Misfala sai a kwashe da dariya, a ce Bakatsine ya tsufa ya fara ƙari. To, ba ƙari a ciki. Shekara ashirin da wani abu ina Makka, teku na nan Jidda, tafiyar da ba ta kai sa'a biyu ba, amma ban taɓa zuwa na leƙa shi ba sai ranar.

Kiwo nake yi a lokacin. Wani dattijo Balarabe ne ya yi mini iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, yana da garken tumaki can bayan Arfa, inda kwalta ke ƙarewa a shiga duwatsu da ƙaya. Mu tara dabbobi mu yi ta ciyar da su, in aikin Hajji ya matso a sayar, a sake tara wasu. A garken nake kwana, cikin ɗakin kwano. Ranar Juma'a nake shigowa gari, in yi salla, in kwana ɗaya wurin mai ɗakina a Kudai, Asabar da sassafe in koma.

Karen a ƙarƙashin tankin ruwa na tsince shi, ɗan kwikwiyo, uwar ta tafi ba ta dawo ba. Launin ƙasa ne da shi, kunnensa na hagu a karye, kullum a kwance. Ban raɗa masa suna ba. Fito nake masa ya zo, ya kuwa ishe mu. Ni ba mai son kare ba ne, kada wani ya ɗauka haka. Garke ne ke son kare, saboda dila da karnukan daji, dattijon kuma ya ce a bar shi.

A garinmu kare ba abin tayar da hankali ba ne. Mafarauta na kwana da nasu a ƙofar ɗaki. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da bakinsa ya karantar da ni cewa a wurin malamanmu kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Da wannan karatun na zo Makka. Nan kuwa mutanen da na tarar ba haka suka tashi ba. A wurinsu in yawun kare ya taɓa ka, sai wanki bakwai, ɗaya da ƙasa. Kowa da malamansa, ban ce na wani ya fi na wani ba.

Abin da ya faru shi ne, wata rana da azahar na je wani ƙaramin masallaci a bakin titi, kusa da inda ake sayar da harawa. Kwikwiyon ya biyo ni ban kula ba, yana tsalle yana lasar gefen rigata har ƙofa. Na kore shi, na shiga sahu. Mutumin da ke damana ya dubi rigar, ya dube ni, ya tattara tasa rigar ya matsa, ya bar gurbi tsakaninmu. Bayan sallama na ji yana gaya wa na kusa da shi, da Larabci, cewa haka takari, wato mu baƙaƙen fata 'yan Afirka, suke, da kare suke kwana. Bai san ina ji ba, ko kuwa ya sani, oho. Wallahi har na iso garke kunnuwana zafi suke.

A ranar na sari sanda. Daga ƙasa zuwa kafaɗata tsawonta. Na ce wa kaina karen nan ba zai sake matsowa kusa da ni fiye da inda bakin sandar nan ya kai ba. In ya taho da gudu sai in miƙa ta, ya tsaya. In ya ƙetare, in ƙwala masa. Sau uku na doke shi da gaske, na tuna su duka, na ƙarshen a kafaɗa. Daga nan bai sake ba. Abinci in jefa masa, ruwa in zuba in ja baya. In ina tafe yana gefena, tsawon sanda. In na zauna cin abinci ya kwanta yana kallona, tsawon sanda. Har ya kai ko ban ɗauko ta ba ya san iyakarsa, ba ya kuskure ko da taki ɗaya.

Na kuwa yi alfahari da abin, ba zan ɓoye ba. Masu sayen raguna in sun zo, sukan tsaya jikin mota suna cewa in ɗaure karen. Sai in ce ba ya buƙatar ɗauri, in yi fito, ya zo ya zauna a inda ya saba, su yi ta mamaki. Mai ɗakina, wadda haifaffiyar Makka ce, Hausarta ma rabi Larabci, da farko ba ta yarda kayan garke su shiga ɗakinta sai an jiƙa su a bokiti. Da na rantse mata cewa karen ba ya taɓa ni, ta sassauta. Shekara bakwai muka yi a haka, ni da shi.

Sai dattijon ya rasu. 'Ya'yansa mutanen kirki ne, amma ma'aikatan ofis ne, ba mai sha'awar warin tumaki a cikinsu. Suka sayar da dabbobin, suka sayar da filin, suka samar mini aikin gadi a wani gidan saukar alhazai a Misfala. Suka ce in kwashe kayana cikin mako guda, in kawo musu makullin a-kori-kurar da nake ɗaukar harawa da ita. Na tambayi babbansu, karen fa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce, kare ai kare ne, zai nemi abincinsa.

Na san yadda yake neman abincin. Na ga karnukan garkunan da aka tashi. Su zauna gindin kwamin da ba ruwa har haƙarƙarinsu ya fito, sannan su gangara titi mota ta take su, ko su shiga garken karnukan daji a kai ƙara a zo a kwashe su. Gidan alhazai kuwa, tafiyar ƙafa daga Harami, ko a mafarki ba za a ajiye kare ba. Ɗakinmu na Kudai ɗaki ɗaya ne da kicin a hawa na uku.

Mai ɗakina ce ta samo mafita, ita da ba ta taɓa ganin karen ba. Mijin wata ƙawarta yana tuƙa jirgin yawon shaƙatawa a wani wuri arewa da Jidda, yana kuma kwana a filin da ake ajiye jiragen. Wai yana neman kare, don ana yawan shiga ana sace musu kayan inji. Na kira shi a waya. Yana buɗe baki na ji Bakabe ne, mutumin wajen Argungu, shi ma yana jin tawa ya gane Bakatsine ne, muka ɓata minti biyar muna zagin juna, wasan da ke tsakanin Kabawa da Katsinawa, kafin a zo kan magana. Ya ce yana so, amma da sharaɗi. Mai wurin ya ce sai karen da za a iya sa wa igiya a wuya, a kai shi a yi masa allura, saboda iyalai da yara na zuwa. In karen bai kamuwa da hannu, in koma da abina.

Na ce masa, «Yana kamuwa mana.» Ƙarya na yi. Ban san ko yana kamuwa ba, don ba wanda ya taɓa gwadawa.

Da zan fita ranar, mai ɗakina ta nuna mini wata robar nono da ta ciko da ƙasa. A Kudai ƙasa ma sai an nema, ko'ina tayil ne da kwalta, sai da ta je inda ake wani gini ta ɗebo. Ta ce, «Malam, yau dai na san sai ka taɓa shi. In ka dawo kar ka kama mini ƙofa, ka buga da ƙafa. Ga ƙasa, ga sabulu, khalas.» Na ce to.

Na isa garke hantsi bai gama ɗagawa ba. Ba tunkiya ko ɗaya, sai kashinsu da igiyoyi. Na buɗe bayan mota na yi fito, ya haye kamar yadda yake yi in za mu ɗauko harawa. Ban ratsa ta cikin gari ba. Na bi hanyar nan da ke zagaye Makka ta waje, wadda waɗanda ba Musulmi ba suke bi da manyan motoci. Ba wanda ya ce in yi haka, ni dai na ga bai dace in ratsa da kare ta gaban Harami ba. Ta ƙara mini kusan sa'a guda. Ina duba madubi ina ganinsa a tsaye, iska na kaɗa kunnen nan nasa mai lafiya.

Wurin ba teku ba ne sosai. Haƙa aka yi aka jawo ruwan teku ya ratsa tsakanin gidaje, ya zama tituna na ruwa, da kwana da mararraba da gadoji. Faɗin kowace hanya bai fi a jera motoci huɗu ba. Ruwan kore ne, a kwance, ba ya motsi. Iskar wurin kuwa nauyi gare ta, ina fitowa daga mota rigata ta manne mini a baya. Mu mun saba da zafin Makka mai ƙona fata ya bar ka a bushe, wannan kuwa jiƙa mutum yake.

Bakaben ya fito daga wata rumfa yana goge hannu da tsumma. Gajere ne, baƙi, ya girme ni da kaɗan, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa. Bai gaishe ni ba. Sandar hannuna ya kalla.

«Kai Bakatsine, wagga sanda hwa? Tumaki za ka kora cikin ruwa?»

Ni ban ma san na ɗauko ta ba. Na ce, «Ta korar Kabawa ce.»

«To bawana, kira shi ka kama man wuyanai in gani.»

Na yi fito. Karen ya diro daga mota, ya taho da saurinsa, ya zo daidai inda ya saba ya zauna. Na jingine sandar a jikin mota, na sake fito, na buga cinya. Ya kaɗa wutsiya, bai motsa ba. Na taka ɗaya gaba, ya ja ɗaya baya. Na sake, ya sake. Haka muka yi ta yi har muka kusa zagaye motar, gumi na zuba mini, Bakaben na tsaye ya riƙe ƙugu.

Ya ce, «Mi ka yi ma karen ga?»

Na ce tarbiyya na ba shi. Ya ce in wannan ce tarbiyyar Katsinawa, Allah ya tsare 'ya'yansu. Sannan ya daina dariya ya ce gaskiya in bai kamuwa ba zai iya riƙe shi ba, ba shi ke da wurin ba. Na riga na ga kaina ina komawa Arfa da shi, ina buɗe bayan mota a garken da ba kowa, ina tayar da mota in bar shi. Na fara ba da labarin yadda ya taɓa korar dila uku shi kaɗai, Bakaben ya ɗaga mini hannu.

«Yau ba baƙi. Ku shigo mu zaga. Cikin jirgi ba shi da wurin ja da baya.»

Jirgin ƙarami ne, fari, da rumfar shuɗin yadi da benci uku, inji a baya. Ya miƙo mini rigar nan mai ruwan lemo da ke hana nutsewa, na ce ba na so, ya ce gawar Bakatsine nauyi gare ta, shi ba zai iya tsamowa ba. Na saka. Na shiga da rarrafe, abin yana rawa a ƙarƙashina, na zauna a bencin tsakiya na riƙe ƙarfen rumfa da hannu biyu. Sandar ma ya ɗauko daga jikin mota ya cusa ƙarƙashin benci. Karen ya tsaya a kan dakalin katako yana kai da kawowa, yana wani ƙaramin kuka da ban taɓa jin ya yi ba. Da Bakaben ya tayar da inji, ya ga da gaske tafiya za a yi a bar shi, sai ya yi tsalle ya faɗa can ƙuryar gaba, ya takure. Na auna da ido, tsawon sanda ne cif.

Muka tafi a hankali, tafiyar da mai ƙafa zai iya wuce mu. Injin na ɗan gunaguni kawai. Gidaje dama da hagu, kowanne da matakala da ta gangaro har cikin ruwa, yawancinsu a rufe, labule a sauke. Masu su sai ƙarshen mako suke zuwa. Furanni ja da shunayya sun zubo ta kan katanga. Wani ma'aikaci yana ba itatuwa ruwa da tiyo, ya ɗaga mana hannu, da ya hango karen sai ya sauke. Muka shige ƙarƙashin wata gada, sanyi ya ɗan sauko, hasken ruwan na wasa a jikin siminti a samanmu. Muka fito rana ta sake kama mu.

Bakaben bai ko kalli karen ba. Ya ciro fulas ya zuba mini shayi a ɗan kofi, ya ce in saki ƙarfen nan in karɓa, ba inda jirgin zai je. Ya yi ta ba ni labarin ruwa. Wai wannan ba ruwa ba ne, kwatami ne na masu kuɗi, ruwa na can gida inda kifi ɗaya sai mutum biyu sun ɗauka. Na ce Kabawa dai ba a raba su da ƙarya. Wasu ƙananan kifaye suka yi tsalle gaba ɗaya a gefenmu, kamar an watsa tsakuwa, suka koma. Karen ya ɗaga kai ya bi su da ido. Ya fara shaƙar iska, ya ɗora haɓa a bakin jirgin.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Mun yi kwana da yawa, har na daina gane ta inda muka fito. Zan faɗi gaskiya, akwai wani ɗan lokaci da na manta abin da ya kawo ni. Shayin da daɗi, rumfar ta tare rana, ba tunkiyar da za ta ɓace, ba mai kirana. Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa zama haka kawai ana tafiya da ni ba tare da wani aiki na jirana a ƙarshen hanya ba. Na ce a raina, ashe abin da masu kuɗi ke biya kenan.

Da muka fito wani wuri mai faɗi, inda hanyoyi uku suka haɗu, sai ya rage injin har ya kusa mutuwa. Ya ce in taso in dawo baya in riƙe.

Na ce, «In riƙe me?»

«Hannun inji. Ka ga, in ka tura dama shi yi hagu, in ka tura hagu shi yi dama. Ko Bakatsine na iyawa. Kai ka tare hanya, muddin kana tsakiya karen ba ya wucowa.»

Muka yi musanya, ina salati yana dariya. Na kama hannun injin. Na tura shi inda hankali ya ce, jirgin ya nufi katangar wani gida kai tsaye, na yi ihu, ya ce ɗaya gefen, ɗaya gefen, dabba! Da ƙyar na daidaita. Daga nan muka riƙa zagaye a wuri ɗaya kamar jakin niƙa, ya ce hakan ma ya yi.

Shi kuma bai zauna a benci ba. A ƙasan jirgin ya zauna, ya juya wa karen baya, yana fuskantata. Ya ciro busasshen kifi daga wata leda ya fara ci yana ci gaba da surutunsa, wai a garinsu mata ma sun fi ni tuƙi. Sai ya sa hannunsa na hagu a bayansa, ya kwantar da shi a ƙasa, tafin a buɗe, da guntun kifi a ciki. Bai jefa ba. Bai yi fito ba, bai waiwaya ba. Ni nake ganin abin da ke faruwa ta kan kafaɗarsa.

Karen ya dubi kifin, ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Ban san me fuskata ta gaya masa ba, ni dai na kawar da kai na kalli ruwa. Da na waiwayo ya sauko daga ƙuryar, cikinsa a ƙasa, yana jan jiki. Ya tsaya. Ya matso. Ya miƙa wuya iyakar miƙawa ya ɗauke kifin, ya koma da baya. Bakaben ya sake sa wani, bakinsa bai daina zuba ba. Na uku, karen bai koma ba, a nan ya ci. Na huɗu babu kifi a hannun, hannun ne kawai. Karen ya shinshina shi, ya lasa, sai na ga yatsun nan sun ɗago a hankali sun shiga ƙarƙashin haɓarsa suna susa.

Na jira ya zabura, ko ya kai cizo. Ina! Sai ya rufe ido. Ya tura kansa gaba ɗaya cikin hannun, ya zagayo ya kwantar da jikinsa a cinyar mutumin da bai kai sa'a biyu da saninsa ba, yana wani nishi, ƙafarsa ta baya na rawa. Bakaben ya sa hannu biyu yana murza masa wuya da baya, yana cewa, «Haba ɗan talaka, haba.»

Farin ciki na fara ji, don na san ya tsira, ba zan koma da shi Arfa ba. Ban gama jin daɗin ba haushi ya biyo. Haushin Bakaben, haushin karen, har da na mutumin masallacin nan da ban ƙara gani ba. Ashe ba mutane yake gudu ba. Ni kaɗai ya koya wa kansa ya bar wa fili, don ni kaɗai na nema.

Bakaben ya ɗaga kunnen nan karyayye ya leƙa, ya yi tsaki. Ya ciro kaska, ƙatuwa, ta sha jini ta yi fari, ya jefa a ruwa. Ya sake ciro wata. Guda biyar ya cire a kunnen nan kaɗai, wurin duk ya yi miki. Sai ya shafa kafaɗar dama ya tsaya, ya sake latsawa, ya ce akwai ƙulli a ƙashin, tsohon karaya ne ko mi? Na ce ban sani ba. Na sani sarai. Bai sake tambaya ba, bai kuma yi mini wasan Katsinawa a kan wannan ba, na kuwa gode masa a raina.

Shi ya karɓi tuƙi muka koma. Karen ya bi shi baya ya kwanta a kan ƙafarsa, ni na koma can gaba inda karen ya taso, don in ba su wuri. Gidajen dai su ne, gadar ita ce, mai ba itatuwa ruwa ya tafi. Ana kiran azahar daga wani masallaci da ba mu gani muka iso dakalin.

Ya ɗauko wata igiya mai laushi ya ɗaura masa a wuya, karen ya tsaya kamar an saba yi masa. Ya ce gobe zai kai shi allura. Ya nuna mini inda zai riƙa kwana, gindin wani tsohon jirgi da aka kife, da inuwa da bokitin ruwa. Muka yi salla a rumfarsa, shi ya sake riga ya wanke hannu, ni ban da abin wankewa. Ya ce in tsaya mu ci abinci, na ce ana jiran mota.

Sandar na bar ta a ƙarƙashin benci, ban tambaya ba, shi ma bai tuna mini ba. Da na zo tafiya sai na tsaya a kan dakalin. Bakaben ya saki igiyar. Na tsuguna, abin da ban taɓa yi a gaban karen nan ba, na miƙa hannu, tafin a buɗe, yadda na ga an yi. Na yi fito a hankali.

Ya taho da murnarsa, wutsiya na kaɗawa har da ƙugu. Ya zo daidai wurin ya zauna.

Na ce, «Zo mana.» Ban taɓa yi masa magana da baki ba sai ranar, muryar ma wata iri ta fito. Ya karkata kai yana kallona. Na matsa da gwiwa, ya ja baya. Na sake matsawa, ya sake ja, yana kaɗa wutsiya, yana dubana da idon nan na mai jiran a ce ya yi daidai. Na karɓi guntun kifi a hannun Bakaben na ɗora a tafina. Ya kalli kifin, yawu na zuba, ya kalli ƙasa a gabansa inda ya san zan jefa. Na matsa karo na uku, ƙafafunsa na baya suka kai bakin katakon.

Bakaben ya ce, «Bar shi hakanan, kar shi hwaɗa ruwa. Ladabi shika yi ma.»

Na jefa masa kifin. Ya cafe, Bakaben ya sake kama igiyar. Na miƙe na kakkaɓe gwiwa, na yi wa Bakaben sallama, ya ce in gaida Katsinawan Makka in ce ubangidansu na gaishe su. Da na tayar da mota karen ya yi haushi sau biyu ya ja igiya. A madubi na ga Bakaben ya tsuguna ya rungumo wuyansa, har na sha kwana.

Komawa ta cikin gari na bi, tunda bayan motar ba kowa. Na kai makulli, na hau bas zuwa Kudai, na hau bene na buga ƙofa da ƙafa yadda aka ce. Mai ɗakina ta buɗe, ta riga ta jera kayanta a bakin ƙofa, robar ƙasa da buta da sabulu da bokitin jiƙa riga.

Ta ce, «Ya karɓe shi?»

Na ce ya karɓa.

«Alhamdu lillahi. Yalla, miƙo hannun in zuba maka.»

Na ce, «Bai taɓa ni ba.»

«Ko kaɗan?»

«Ko kaɗan.»

Ta ce, «Masha Allah, ashe kare ne mai hankali.» Ta kwashe kayanta, ta juye ƙasar a tukunyar na'ana'ar da take shukawa a taga, ta shiga kicin ɗumama abinci.

Na yi alwala na tayar da la'asar da rigar da na fita da ita tun safe. Bayan na sallame na zauna a kan darduma na bi rigar da kallo, gaba da gefe da hannuwa, har na juyo bakinta na ƙasa. Ko gashinsa ɗaya babu.